Inshorar lafiya a jihohi: Kati ya shiga hannun talaka, saura magani

Tun bayan da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, shiga tsarin inshorar lafiya ya zama wajibi a kan kowane ɗan Najeriya. Dokar ta kuma yi tanadin asusu na musamman domin marasa galihu, wanda aka ce zai kula da mutum miliyan 83. Sai dai yawancin aikin a wuyan jihohi ya rataya.

Kusan duk jihohin Arewa yanzu suna da hukumominsu: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, GoHealth a Gombe. Akasarinsu sun kauce wa kalmar inshora suka zaɓi taimakekeniya, saboda ɗari-ɗarin da jama'a ke yi da inshora ta fuskar addini. Wannan dabara ta sauƙaƙa karɓuwar tsarin.

Ma'aikacin gwamnati ba shi ne abin damuwa ba, domin daga albashinsa ake cire kasonsa kowane wata. Mai sayar da ƙosai, da ɗan dako, da tsohuwar da ba ta da mai ɗauke mata nauyi, su kam dole wani ya biya musu. Babbar hanyar da ake biyan ita ce Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, BHCPF, da dokar lafiya ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Kusan rabin kuɗin ne ke bi ta hukumomin jihohi domin yi wa masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman rajista.

A nan gizo ke saƙar. Kuɗin tarayya ba zai ɗauki ko kusa da yawan talakawan jiha kamar Kano ko Katsina ba, shi ya sa ake sa ran kowace jiha ta zuba nata kason. Sanya kuɗi a kasafi daban, sakinsa daban. Inda gwamna bai saki kason jiharsa ba, adadin masu rajista na tsayawa cak a iya abin da Abuja ta turo, komai yawan bukukuwan raba kati.

Akwai kuma batun abin da asibiti ke karɓa. Ana biyan ƙaramin asibiti ƙayyadadden kuɗi kan kowane mai rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin nan ya daina isa. Abin da kan biyo baya sananne ne: a duba mara lafiya kyauta, a rubuta masa magani, a ce ya je kemis. Wanda hakan ta faru da shi sau biyu ba ya sake ɗauko katin, kuma maƙwabtansa na jin labari. NHIA ta ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci a 2024 da 2025, amma jihohi na da ikon tsara nasu farashin, kowace da ƙarfin aljihunta.

Zaɓen masu cin gajiyar ma na da sarƙaƙiya. Ana dogaro da rajistar marasa galihu da lambar NIN, alhali mafi talauci a ƙauyuka su ne suka fi rasa lambar. Inda kuma aka bar wa 'yan siyasa rabon gurabe, ba lallai ne mafi buƙata ya samu ba.

Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Yayin da majalisun jihohi ke duba kasafin kuɗi, tambayar da ta kamata su yi wa kwamishinonin lafiya ita ce nawa aka saki daga kason bara, kuma a wane wata ya shiga asusun asibitocin mazaɓu.