Jama'ar Anka, Gummi da Bukkuyum, A Daina Yanke Mana Hukunci Ba Da Mu Ba



Wa ke mulkin ƙasar nan a yau? A takarda, muna da gwamna a Gusau, da shugabannin ƙananan hukumomi, da sarakuna, da wakilai a Abuja. Amma a ƙauyuka da dama, wanda ke faɗin ranar da za a shiga gona da ranar da za a kwashe amfani yana zaune ne a daba cikin daji, da bindiga a kafaɗa. Shi ke aza harajin noma, shi ke yanke kuɗin fansa, shi ke tara mutane su yi masa aikin gayya a gonar da ya ƙwace. A bakin hanya kuma ga shingayen jami'an tsaro, ga 'yan sa-kai, ga askarawa. Kowa na da bakin magana a kan ƙasarmu, sai mu da aka haifa a cikinta.

Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, gadon daular da ta yi mulkin kanta tun kafin jihadi, tun kafin zuwan Turawa. Lokacin da aka cire Zamfara daga Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba 1996, murnar da aka yi ita ce gwamnati ta matso kusa, talaka zai samu mai jin kukansa. Mu duba abin da ya biyo baya.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a garuruwa irin su Dareta, Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinari a cikin gidaje. Zinarin ya tafi kasuwannin duniya, mu aka bar mu da kaburbura. Ita kuwa Bagega, da gubar ta shafa, sai a 2013 aka soma kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan an sha kiraye-kiraye kafin kuɗin aikin su fito. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, ba a ɗage dokar ba sai a Disambar 2024. Talakan da ke neman abinci da diga da shebur ya koma gida, amma ramuka ba su huta ba, sun koma hannun masu bindiga da masu ɗaure musu gindi. Ba a shawarce mu ba da za a hana, ba a shawarce mu ba da za a ɗage.

A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka da jigilar dabbobi. Yankunanmu sun yi kusan wata uku mai mara lafiya ba ya iya kiran ɗan'uwansa, wanda aka kawo wa hari ba ya iya neman ɗauki. An ce mu yi haƙuri, domin a karya lagon ɓarayin daji ne. Mun yi haƙuri. Makonni kaɗan da dawo da layukan, daga 4 zuwa 6 ga Janairun 2022, ɓarayin suka faɗa wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Kurfar Ɗanya, Barayar Zaki da Rafin Gero. Waɗanda suka yi jana'iza sun ce mutum kusan 200 aka kashe. Gwamnatin jiha ta ce 58. Ko ƙidayar gawawwakinmu ba a bar mana ba.

Tun kafin nan, kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M. D. Abubakar, ya jagoranta ya miƙa rahoto a 2019, inda ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2019 an mayar da mata 4,983 zawarawa a Zamfara, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu. Ina cikakken rahoton yake a yau? Mutum nawa aka gurfanar a gaban alƙali a kan abin da ya ƙunsa? An yi sulhu da ɓarayin daji a 2019, ya rushe. An kafa rundunoni, daga Sharan Daji zuwa Hadarin Daji zuwa Fansan Yamma. An ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Sojojin da suka ba da rayukansu a dazukan nan, Allah Ya jiƙansu, Ya saka wa iyalansu da alheri. Sai dai tsari bayan tsari, daga sama ake sauko mana da shi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada wani ya juya mana magana. Ba ballewa muke nema ba, kuma ba mu kira kowa ya ɗauki makami ba. Abin da doka ta riga ta ba mu muke nema. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaronsu da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 33 ya kare ran kowane ɗan ƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'umma, wadda aka amince da ita a 1981 kuma Najeriya ta mayar da ita dokar ƙasa, ta ba al'umma ikon zaɓa wa kanta makoma a sashe na 20, ta ba ta iko da arzikin ƙasarta a sashe na 21. Mutumin yankin nan yana da wannan haƙƙi daidai da mutumin Legas.

Saboda haka ga abin da ya rage gare mu.

Mu rubuta. Kowane gari ya tanadi littafi a hannun liman da mai unguwa: sunan wanda aka kashe, rana da wuri, wanda aka sace, kuɗin da aka biya, shanun da aka kora, gonar da aka bari. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kai wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da lauyoyi 'yan asalin yankin. Wanda ke riƙe da sunaye, ba a iya rage masa ƙidaya.

Mu nemi kujera a duk inda ake maganarmu. Ko sulhu za a yi, ko rufe kasuwa, ko ba wani kamfani lasisin haƙar zinari a Bagega, a zauna da hakimai da dagatai da arɗaɗɗai da malamai da wakilan mata tukuna. A gaya mana sharaɗi, a gaya mana wa'adi, a gaya mana rabon garin da za a tona ƙasarsa.

Mu tsaya a kan adalci ko da a kan namu ne. Bafulatanin da aka tare a hanyar kasuwa aka kashe don kamanninsa, jininsa daidai yake da na manomin da aka harbe a gona. Irin wannan kisan gilla na daga cikin abin da ya hura wutar da ke cin mu, domin kowace rugar da aka ƙona ba bisa haƙƙi ba tana ƙara wa daba sabbin yara. Wanda ake zargi da zama infoma a miƙa shi ga hukuma, a bi sawun shari'arsa har ƙarshe. Ɗan sa-kai ko askari ko soja, duk wanda ya taɓa ran da bai ji ba bai gani ba, a bincika a fili, a biya diyya. Idan jirgin yaƙi ya yi kuskure, a faɗi sunayen mamata, a nemi gafarar iyalansu.

Mu bi sawun kuɗinmu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mu je sakatariyar Anka da ta Gummi da ta Bukkuyum mu tambaya nawa ya shigo, nawa ya kai ga 'yan gudun hijirar da ke kwana a kangaye da azuzuwan makarantu, nawa aka kashe a kan asibiti da hanya.

Zaɓen 2027 na tafe. Masu neman ƙuri'a za su zo da atamfa da taliya, cikin rakiyar jami'an tsaron da ba mu gani ba ranar da muke binne 'yan'uwanmu. Duk wanda ya zo, ku buɗe masa littafin garinku, ya karanta sunayen da bakinsa, sannan ya faɗi abin da zai yi da ranar da zai yi shi, a gaban shaidu. 'Yan yankin nan mazauna Gusau, Sakkwato, Kaduna da Abuja, ku ne bakin waɗanda ba a jin muryarsu, kada ku bari a manta da gida.

Iyayenmu sarakuna, ku kira taro. Malamai, ku faɗi haƙƙin rai a kan mumbari. Matasa masu ilimi, ku ɗauki biro ku shiga gari-gari. A fara littafin nan tun daga Juma'ar nan mai zuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gonarsa da rugarsa.