Ƙarfen Ya Zauna, To Mai Gwiwar Fa?

Likitocin ƙashi sun daɗe suna auna nasarar tiyatar sauya gwiwa da abu biyu: hoton ƙashi ya nuna ƙarfen ya zauna daidai, kuma ba a sake buɗe gwiwar ba. A wannan sikeli aikin ba shi da abin kushewa. Nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka dasa suna kaiwa shekara 25 ba a sauya su ba.

Sai dai ƙarfe ba ya jin zafi. Wani bincike a lardin Ontario na Kanada, wanda aka wallafa a 2010, ya gano kusan mutum ɗaya cikin biyar bai gamsu da sakamakon tiyatar ba. Wanda ke kwana yana juyi saboda zogi, muddin likita bai ga dalilin sake yanka shi ba, a kundin asibiti sunansa nasara. Wannan lissafi ne da aka yi bayan idon mai gwiwa.

Ingila ta ɗauki gyara. Tun Afrilun 2009 hukumar lafiyarta, NHS, take ba majiyyaci takardar tambayoyi kafin tiyata, sannan bayan wata shida. A ciki akwai ma'aunin da masana a Oxford suka fitar a 1998: tambayoyi 12, maki daga 0 zuwa 48, kan ciwon dare, saukowa daga matakala, shiga mota, cefane. Ana kuma bayyana sakamakon kowane asibiti.

Masu suka na cewa wannan ji ne kawai, kuma damuwa ko dogon buri na iya karkatar da amsa. Amma saboda ciwo ake yin tiyatar, ciwo kuwa ba shi da shaida sai mai shi. Wanda ya yarda da kukan majiyyaci har ya kwantar da shi a teburin tiyata ba shi da hujjar ƙaryata shi bayan an ɗinke.

Inda tsarin ya gaza shi ne wajen tara makin wuri guda. Durƙuso tambaya ɗaya ce cikin 12, maki 4 kacal, alhali da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin durƙuso na yi musu wuya. Mutum zai iya cin maki 44, asibiti ya sha yabo, shi kuwa ya koma salla a kan kujera. Ga Musulmi a Bradford, ko wanda ya je Indiya daga Kano aka yi masa, sujada ba ƙaramar tambaya ba ce.

Amsoshin da aka tara haƙƙin majiyyaci na gaba ne. Kafin ya sa hannu a takardar amincewa, a gaya masa mutum nawa ne suka iya durƙusawa bayan an yi musu tiyata a wannan asibitin, a kuma sa koyon durƙuso cikin atisayen da zai yi bayan an sallame shi.