Wa ke ƙidayar sa'o'in duhu a Damagaram?

Na'urar awon kuran da ke maƙale a zaure tana faɗa wa NIGELEC abin da muka sha, ba ragi ba ƙari, takardar biya kuwa ba ta ɓatan hanya. To, sa'o'in da muka yi babu wuta fa, wa ke riƙe da lissafinsu? Tambayi mutumin Birni ya ce sun kwana cikin duhu. Tambayi na Zango ya ce ai su suka fi jin jiki. Kowa da ƙiyasinsa, ba mai takarda a hannu.

Tun shekarun 1990 aka haɗa Zinder da Maraɗi da wutar Najeriya, ta layi mai kilobolt 132 wanda ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar bisa takunkumin CEDEAO, ba a ɗage shi ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024. Kusan wata 7 ke nan. Mai injin niƙa ya san gazuwal nawa ya saya a lokacin, amma da wuya ya faɗa maka awa nawa wuta ta guje shi.

Alhali akwai mudun awo. Ma'aikatun lantarki na duniya suna duban abu biyu: sau nawa aka ɗauke wa mai biya wuta cikin shekara, wato SAIFI, da jimlar lokacin da ya zauna babu ita, wato SAIDI. Dole a haɗa su biyun, ga dalili. Ɗaukewa ɗaya ta awa 6 da ɗaukewa 12 ta rabin awa, jimla ɗaya ce, amma ɓarnar ta bambanta. Ta farkon ita ke narkar da ƙanƙarar mai shago a Kasuwar Dole. Ta biyun mai ƙanƙara zai jure ta, sai dai tana gajiyar da injuna, tana kuma cinye aikin akawu da ke gaban kwamfuta. Haka nan yankewar rabo, wadda ake iya sanarwa tun da wuri, dabam take da wadda iskar damina ta kayar da turke.

Matsakaicin lissafi na ƙasa baki ɗaya ba ya amfanar mu, domin Yamai za ta haɗiye Mirya da Magarya. Abin da muke roƙon NIGELEC da hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan makamashi, shi ne alƙaluma na wata-wata, gari-gari, unguwa-unguwa, a liƙa su inda ake biyan kuɗin wuta.

Kafin nan, 'yan kasuwa su ne gwanayen littafin bashi. Kowane layi na kasuwa ya ware littafi guda: kwanan wata, lokacin da ta tafi, lokacin da ta komo. Shekara na zagayowa sai a gwada Afrilu da Mayu da watannin ɗari, a ɗauki littafin a kai ofishin NIGELEC.