ZARE: Naman da ke cikin sanwicinka, wa ya gan shi kafin a niƙa?

1/ Za mu iya ɓata rabin awa muna jujjuya waya don mu gane ko orijinal ce. Takalmi ma sai mun duba ɗinki. Amma a miƙo mana shawarma ko boga a naɗe, an malale ta da mayonis, sai mu danna wa ciki ba tambaya. Yau nan wajen zan taɓa. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Na san wani zai ce ai wannan matsalar masu shagon bakin titi ce, manyan kamfanonin turawa ba sa ha'inci. Toh madalla. Daga can ɗin za mu fara, sannan mu dawo gida.

3/ Janairun 2013, hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar Ayalan ta fitar da sakamakon gwajin nau'in boga 27 da aka rubuta wa "naman sa". An samu DNA ɗin doki a guda 10. Wata da ake sayarwa a kantin Tesco, kusan kashi 29 cikin 100 na namanta doki ne. Doki fa, jama'a.

4/ Ga wanda ya fi tayar mana da hankali: 23 daga cikin 27 ɗin nan an samu ɓurɓushin DNA na alade. Kaɗan ne, eh. Amma je ka faɗa wa Musulmi ko Bayahude cewa aladen kaɗan ne, ka ji amsar da zai ba ka.

5/ A wannan shekarar dai, a Birtaniya, an samu ɓurɓushin alade a abincin da aka rubuta wa "halal" ana kai wa fursunoni Musulmi. Sannan wani abincin kamfanin Findus da aka ce na sa ne, wasu fakitin naman ciki gaba ɗaya doki ne.

6/ Ta yaya? An yanka dawakin a Romaniya, naman ya bi ta hannun dillalai a ƙasashe daban-daban, ya isa Faransa, a hanya takardar ta sauya daga doki zuwa sa. Mai kanti bai ga dabbar ba. Mai saye bai gani ba. Kowa takarda ya yarda da ita.

7/ Mu tsallaka Kanada. A 2017 gidan talabijin na CBC ya kai kazar sanwicin manyan gidajen abinci biyar ɗakin gwaji. Huɗu sun nuna sama da kashi 80 DNA na kaza. Na Subway kuwa wajen rabi, sauran akasari waken suya.

8/ Adalci: Subway ya ƙaryata, ya ce waken suyan bai wuce kashi 1 ba, har ya maka CBC a kotu yana neman dala miliyan 210. Masana kuma sun ja hankali cewa kason DNA ba shi ne nauyin nama ba. Don haka kar wani ya tashi da "rabin kazar bogi ce" kamar hukuncin alƙali.

9/ Haka rigimar kifin tuna ɗinsu a Amurka a 2021. Jaridar New York Times ta kai samfur gwaji, ba a iya gano DNA na tuna ba. Amma dafuwa tana lalata DNA, wani gwajin kuma ya samu tunar, a 2023 aka rufe shari'ar. Ba a tabbatar da zargin ba.

10/ Wanda kotu ta tabbatar shi ne na burodi. A 2020 kotun ƙolin Ayalan ta ce sukarin da ke burodin Subway ya kai kashi 10 na nauyin fulawa, alhali dokar harajinsu ta tsaya a kashi 2. Wato a idon waccan dokar, abin bai cancanci sunan burodi ba 😂

11/ Yanzu ku lura da abu ɗaya. Duk waɗannan labaran mun ji su ne saboda WANI YA GWADA. Hukuma ta gwada, 'yan jarida sun biya kuɗin gwaji, lauyoyi sun ja. Ko inda zargin ya faɗi, an tilasta wa kamfani fitowa ya yi bayanin abin da yake zubawa.

12/ Toh mu fa? Shawarmar da ake layi a kanta a Kano, Kaduna da Abuja duk dare, yaushe ka taɓa jin an ɗauki guda ɗaya an kai gwaji an buga sakamako? Shirun da muke ji ba shaidar tsarki ba ne. Wanda bai leƙa rijiya ba ba zai ce ba kwaɗo a ciki ba.

13/ Ku kwatanta da mai tsire. Naman na gabanka, ka ga tsoka, ka ga kitse, ka ga hanta, ka nuna wanda kake so. Ka san shi, ya san mahaucinsa, mahaucin ya san dabbar. Idan ya cuce ka gobe ka san teburin da za ka je.

14/ Da zarar an niƙa nama, ido ya tashi daga aiki. Ɗauki sosej ɗin da ake cusawa a shawarma. Mai araharsa yawanci haɗi ne: ragowar naman da inji ya kankaro daga ƙashi, fata, kitse, ruwa, sitaci ko waken suya, gishiri, da kala. Yaji da mayonis su rufe sauran.

15/ Ban ce guba ba ne. Waken suya abinci ne, awara muke ci kullum muna santi. Magana ita ce: idan awara zan ci, a ce min awara ce, in biya kuɗin awara. Kar a sa mata rigar nama a karɓi kuɗin nama. Wannan sunansa algus, ko a Wambai ko a Toronto.

16/ Kuma ku yi lissafi da kanku. Ka tambayi kuɗin kilo ɗaya na nama a kasuwarku yau. Ka ƙara gas, haya, burodi, man janareto, albashin yara. Sai ka ga wani yana sayar da boga "cike da nama" a farashin da ko tsire biyu ba zai saya ba. Araha ba ta ado. Wani abu aka rage.

17/ Kar mu manta burodin kansa. NAFDAC ta daɗe da haramta sinadarin bromet, wanda ke kumbura burodi ya yi laushi, saboda haɗarinsa ga lafiya, amma har yanzu tana gargaɗin masu gidajen burodi a kansa. Wanda aka yanka aka naɗe maka, ka ga ledarsa?

18/ Masu cewa "ka yi bismillah ka ci kawai, abin da ba ka sani ba ba ya kisa": wannan maganar ita ce jarin mai algus. Ciki ba kwandon shara ba ne. Akwai mai ciwon suga, akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukar waken suya, akwai mai kiyaye halal. Duk suna da haƙƙin sani.

19/ Su kuma 'yan tura saƙon murya a WhatsApp, wai shagon wane naman kare yake sawa, ba hujja ba komai: ku ma kuna cikin matsalar. Kuna kashe wa bawan Allah sana'a, kuna sa a mayar da masu tambaya ta gaskiya 'yan tsegumi. Ku ji tsoron Allah.

20/ Abin yi mai sauƙi ne. Kafin ka biya, tambaya uku: Naman me ne? Daga ina kuke sayowa? Zan iya ganin ledar sosej ɗin? A ledar ka duba jerin kayan haɗi, lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Minti ɗaya ne.

21/ Mai gaskiya zai ɗauko maka yana murmushi, talla ce ka yi masa. Wanda ya haɗe rai ya ce "malam in za ka saya ka saya," ya riga ya ba ka amsa. Riƙe kuɗinka. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta ba ka haƙƙin a yi maka bayanin abin da kake saya.

22/ 'Yan uwa ɗalibai na sashen kimiyyar abinci da na halittu a BUK, ABU, UDUS: ga batun furojet a ƙofar makaranta. Ku sayi samfur daga shaguna, ku gwada, ku fitar da sakamako. Ya fi kwafo aikin da aka yi sau hamsin.

23/ Wanda ya gwada tambayoyin nan uku a makon nan, ya dawo ƙarƙashin zaren nan ya faɗa mana amsar da aka ba shi. Banda kama sunan shago ba hujja. Masu shawarma kuma fili naku ne, ku nuno mana leda 👇