LAFIYA UWAR JIKI: Mai Ciwon Ƙoda Da Cin Kifi

Wata uwargida daga Babban Mutum, ta ƙasar Baure cikin masarautar Daura, ta aiko mana da takarda. Ta ce likita ya gaya wa maigidanta ƙodarsa ta raunana, maƙwabta kuwa suka ce kada ya ƙara taɓa nama ko kifi. Yau wata uku ke nan daga tuwo sai kunu, ga shi yana ta ramewa. Tambayarta ita ce, ko kifi guba ne gare shi?

Uwargida, sannu da jinya. Kifi ba guba ba ne. Aikin ƙoda shi ne tace jini. Nama da kifi da wake sukan gina jiki, amma sukan bar datti cikin jini wanda sai ƙoda ta fitar. In an ci da yawa, an ɗora wa raunanniyar ƙoda kaya. In kuwa an hana sam, jiki ya koma cin kansa. Saboda haka magana ta awo ce.

Ga awon. Mutum mai nauyin kilo 60 wanda ba a fara yi masa wankin ƙoda ba, abin da yake bukata na sinadarin gina jiki bai wuce giram 48 a yini ba. Yankan kifi kamar tafin hannunsa yakan ba da wajen giram 20. To, ki ba shi yanka ɗaya, sau biyu a mako, ranar kuwa kada ki haɗa da nama. Wanda ake yi wa wankin ƙoda bukatarsa ta fi haka, gama wankin yakan ɗebe sinadarin.

Wane irin kifi? Ɗanye, kamar karfasa ko tarwaɗa. Ki dafa shi ko ki gasa, ki cire ƙaya. Ki guji kifin gwangwani da ƙananan kifi da ake ci har ƙashi, domin ƙashin kifi yana da wani sinadari, fosfaras, wanda in ya taru a jini yakan kawo ƙaiƙayi da raunin ƙasusuwa. In babu sai busasshe, ki jiƙa shi a ruwan zafi, ki zubar da ruwan.

Babban abin tsoro shi ne gishiri, gama yakan hau da jini, ya kumbura ƙafa. Kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya a yini duka. Ki tuna dunƙulen miya da kanwa su ma gishiri ne. Albasa, citta da tafarnuwa sun isa su ba miya daɗi.

Sa'ad da kuka koma asibiti, ko Daura ko Katsina, ki tambayi likita abin da awon jinin maigida ya nuna, domin shi ne zai faɗi ko a ƙara ko a rage. Allah ya ba shi sauƙi. Sai wata mai zuwa.