Sandar Sinuka: Uwa Ɗaya Uba Ɗaya, Kowa Da Halinsa

 A wannan wata zancenmu a kan sandar sinuka ne. Na san wani dattijo zai ce marubuci ya rasa abin faɗa, to a yi mini haƙuri. Duk wanda ya zaga Nima ko zangon Kumasi da yamma ya ga yadda samarinmu ke kewaye teburan nan, kuma akwai gidajen da da kuɗin teburin ake ɗora tukunya.

Wani ɗan ƙanena da ke da tebur ɗaya ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo sanduna shida a cikin kwali guda. Kamfani ɗaya, launi ɗaya, farashi ɗaya. Biyu sun fito sambal. Ɗaya gindinta ya fi na sauran nauyi. Ɗaya fatar bakinta ta ɓalle tun a makon farko. Sauran biyun kuwa, da hunturu ya shigo sai suka lanƙwashe kamar baka. Masu wasa suka riƙa rigima a kan biyun nan masu kyau, daga baya suka koma teburin maƙwabcinsa. Ya zo yana ce mini, "Baffa, an cuce ni." Na ce masa cuta kam akwai, amma ya kamata ya san daga inda ta faro.

Sanda dai itace ce, itace kuwa yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Sandunan Ingila yawanci da itacen ash ake yin su, na Amurka kuma da maple. Masu araha an daɗe ana yin su da ramin, wani itace na Indonesiya da Malesiya, wanda aka tsaurara cinikinsa a duniya tun 2005. Gwanin sassaƙa yakan ajiye katako ya bushe, ya fere kaɗan, ya bar shi ya huta, ya sake ferewa, har a kwashe watanni. Wanda ya karkace a hanya sai ya jefar. Masana'antar da ke fitar da dubbai ba ta da wannan haƙuri, kuma jefar da katako asara ce a wurinta. Sai a fere, a shafa fenti, a cusa cikin kwali. Daga nan sanda ta yi makonni a jirgin ruwa, ta sauka cikin danshin Tema, ta gamu da busasshiyar iskar hunturu. Abin da ya ɓuya a cikin katakon sai ya fito fili.

Ko da ba ta lanƙwashe ba, akwai sauran bambanci. Tsawon sanda yakan kai inci 57 ko 58, nauyin ta Amurka kuma oza 18 zuwa 21. Amma sanduna biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta a hannu idan ƙarfen da aka sa a gindi bai zauna wuri ɗaya ba. Fatar baki ma wata tauri, wata laushi, ga gam marar kyau.

Kada a ce duk sandar kamfani banza ce. Stephen Hendry na Sikotilan ya ci gasar duniya sau 7 da sandar da aka saya masa fam 40 yana yaro, har ta karye a tafiyar jirgin sama a 2003. Ken Doherty na Ailan ya ci tasa gasar a 1997 da sandar da ya saya fam 2, wadda ba ta ma miƙe sosai ba. Ashe a cikin kwali akwai ta ƙwarai, sai dai sunan kamfani ba zai nuna maka ita ba. Idonka da hannunka ne za su nuna.

Saboda haka, 'yan uwa masu tebur, a daina cinikin biri a sama. A buɗe kwali a gaban mai kanti. Ka ɗaga sanda ka hango ta daga gindi zuwa baki kamar mai auna bindiga, kana juya ta a hankali. Ka mirgina ta a kan tebur, amma ka tuna sandar Ingila tana da wani gefe da aka shafe a gindi, shi ma yakan sa ta tangaɗi. In mai haɗi biyu ce, ka ɗaure ka ga ko mahaɗin ya zauna daidai. Ka bubbuga ta a tafin hannu, in ka ji ƙara a ciki, ajiye ta. In ka kai gida kada ka jingina ta da bango ko ka bar ta a rana. A tsai da ita a miƙe ko a kwantar da ita a shimfiɗe, a riƙa goge ta da busasshen ƙyalle.

Ku kuma 'yan kasuwarmu masu shigo da kaya, ku bar yaro ya zaɓa, ku karɓi wadda ta lalace cikin 'yan kwanaki. Yaron nan jarinsa ke nan. Ɗan ƙanen nawa ya koma kasuwa, ya duba sanduna da dama kafin ya ɗauki uku.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. A huta lafiya.