Nazari: Abin da binciken gawa ya tona game da ɓarnar Korona a jikin ɗan Adam

A makonnin farko na shekarar 2020, lokacin da asibitocin birnin Wuhan na ƙasar Sin suka cika da masu fama da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, likitoci sun ɗauki sabuwar cutar a matsayin ciwon huhu mai tsanani, suka kuma yi jinyarta a kan haka. Hoton ƙirji ya nuna huhu ya yi fari, gwajin jini ya nuna kumburi, amma babu wanda ya fayyace ainihin abin da ke ajalin majinyaci. Amsar tana cikin jikin waɗanda suka rasu, kuma an ɗauki lokaci kafin a buɗe a duba.

Jinkirin yana da dalili. Feɗe gawar wanda baƙuwar cuta ta kashe aiki ne mai haɗari, kuma Najeriya ta taɓa ganin haka da idonta. A farkon 1970, Dakta Jeanette Troup, wata likita Ba'amurkiya da ke aiki a Jos, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, ta kamu da cutar, ta rasu. Irin wannan fargaba ce ta sa Cibiyar Robert Koch, wadda ke kula da cututtuka masu yaɗuwa a Jamus, ta fara da shawartar likitoci su guji feɗe gawar masu Korona, kafin daga baya ta janye shawarar.

A Wuhan, sai ranar 16 ga Fabrairu, 2020 ne tawagar Farfesa Liu Liang ta gudanar da cikakken binciken gawa na farko, inda ta tarar da majina mai kauri da danƙo a cikin huhu. Binciken da ya biyo baya a wasu ƙasashe ya tabbatar da cewa ƙananan jakunkunan iska na huhu, inda iskar da muke shaƙa ke shiga jini, sukan lalace, wani ɓawo ya lulluɓe bangonsu. Likitoci sun san irin wannan lahani tun daga cutar SARS ta 2003. Abin da ya ba su mamaki yana cikin magudanan jini.

A birnin Hamburg, Farfesa Klaus Püschel da abokan aikinsa sun ƙi bin shawarar hukuma, suka riƙa binciken gawar waɗanda cutar ta kashe a birnin. Rahoton da aka wallafa a watan Mayun 2020 kan gawa 12 na farko ya nuna cewa bakwai daga cikinsu jini ya daskare a manyan jijiyoyinsu na ciki, alhali babu likitan da ya yi zargin haka suna raye. Huɗu kuwa gudan jinin ne ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, kuma shi ya yi ajalinsu kai tsaye. A arewacin Italiya, binciken huhun mutum 38 da suka rasu a asibitocin Milan da Bergamo ya gano ƙananan gudajin jini a jikin 33.

Wani nazarin da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a wannan watan ya kwatanta huhu bakwai na masu Korona da huhu bakwai na waɗanda mura mai tsanani ta kashe. Toshewar ƙananan magudanan jini a huhun masu Korona ta ninka ta masu mura sau tara. A Zurich ta ƙasar Suwizalan kuma, masu bincike sun ga kumburi a shimfiɗar cikin magudanan jini na sassa daban-daban na jiki. Idan wannan shimfiɗa ta ji rauni, jini yakan fara daskarewa a inda bai kamata ba. Hakan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa ake tura wa majinyaci iska da na'ura amma jininsa ya kasa ɗauka: iskar tana isa huhu, sai dai hanyar da jini zai bi ya karɓe ta a toshe take.

Daga nan hankali ya koma ga sauran sassan jiki. Likitocin Hamburg sun gano ɓurɓushin ƙwayar cutar a ƙoda da hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa, abin da ya yi daidai da yawan masu Korona da ƙodarsu ta gaza a ɗakunan kulawa ta musamman. Binciken ya kuma rage wata fargaba, domin kumburin tsokar zuciya irin wanda ƙwayoyin bairos ke haddasawa bai yi yawa kamar yadda aka zata ba. A ƙwaƙwalwa, yawancin lahanin da aka gani ya danganci ƙarancin iska da toshewar jijiyoyi da kumburi. A Disamban 2022, masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa sakamakon gawa 44 a mujallar Nature, inda suka samu ɓurɓushin ƙwayar cutar a jikin wani majinyaci kwana 230 bayan fara rashin lafiyarsa. Masu nazarin doguwar jinyar da ke bin bayan Korona suna ci gaba da bin wannan sawu.

Wannan ilimi ya shafi jinyar masu rai. Asibitoci da dama sun mayar da ba da maganin hana daskarewar jini wani ɓangare na kulawa da waɗanda aka kwantar. Shaidar cewa garkuwar jiki kan wuce gona da iri har ta cutar da mai ita ta dace da sakamakon gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya nuna a watan Yunin 2020 cewa maganin dexamethasone, mai araha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi.

Amma binciken gawa yana da iyakarsa. Waɗanda suka rasu su ne cutar ta fi yi wa illa, galibi tsofaffi masu hawan jini ko ciwon sukari, don haka ba kowane lahani ba ne za a ɗora wa ƙwayar cutar. Kwanaki a kan na'urar numfashi ma suna barin tabonsu a huhu. Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2021 sun nuna cewa ƙara yawan maganin heparin ya amfani masu matsakaicin ciwo, amma bai taimaki waɗanda suka riga suka galabaita ba. Gawa tana nuna inda ya kamata a duba, gwaji a kan masu rai ne yake tabbatar da magani.

A Najeriya, inda aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, darasin ya zo ta wata fuska. A watan Afrilun wannan shekara mace-mace suka yawaita a Kano, maƙabartu suka cika da sababbin kaburbura, jama'a suka shiga ruɗani. Tun da an riga an binne mamatan, sai masu bincike suka koma ga tambayar iyalai irin alamun da suka gani. A watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da Korona. Tambayar iyali tana ba da ƙiyasi ne kawai, ba ta iya nuna gudan jini a huhu. A Zambiya kuwa, an gwada gawa 364 a babban asibitin koyarwa na Lusaka, aka samu cutar a jikin 70, mafi yawansu a gida suka rasu ba tare da an taɓa gwada su ba.

Dalilan ƙarancin binciken gawa a ƙasar nan sanannu ne: likitocin fannin ba su da yawa, ɗakunan da suka cika sharuɗɗan kariya ƙalilan ne, iyalai kuma suna son gaggauta jana'iza da kiyaye mutuncin mamaci. Wannan damuwa abar girmamawa ce, malamai ma sun tattauna ta. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke a 1976 cewa binciken gawa ya halatta domin gano laifin kisa ko tantance annoba. A fannin likitanci kuma an samu hanya mai sauƙi, inda ake ɗebo ɗan tsokar huhu ko hanta da allura ba tare da an buɗe jiki ba. Likitocin Jami'ar Sao Paulo a Brazil sun yi amfani da ita a lokacin Korona, ana kammala ta cikin ɗan lokaci a miƙa gawa ga dangi.

Masana sun daɗe suna gargaɗin cewa wata baƙuwar cutar za ta sake ɓulla, kuma ƙasar da Lassa ke ziyarta duk rani ba ta da uzurin jira. Abin da ya rage ga gwamnatin tarayya da jihohi shi ne su horar da likitocin binciken gawa, su tanadi ɗakuna masu kariya a asibitocin koyarwa, su kuma zauna da malamai da sarakuna tun yanzu a amince da ƙa'idar neman izinin iyali. Idan aka bari sai annoba ta shigo, za a sake binne amsar tare da mamatan, kamar yadda ya faru a Kano.